Turbo Biyu a Injin Fulogi Huɗu: Shin Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Duk mai bin hanyar Baga ko titin filin jirgin sama a Maiduguri ya saba ganin manyan motocin Land Cruiser na jami'an gwamnati da na ƙungiyoyin agaji. Samfurin 300 da kamfanin Toyota ya fitar a 2021 yana ɗauke da injin fulogi shida mai turbo biyu, kuma yadda yake cilla wannan ƙatuwar mota ya isa ya sa mai Corolla ko Golf ya tambayi bakanikensa ko za a iya yi wa tasa irin wannan haɗin. Za a iya, idan akwai kuɗi. Amma a injin fetur mai fulogi huɗu, a gari irin namu, aikin ba zai biya wahalarsa ba, kuma dalilan suna cikin yadda na'urar take aiki.

Ƙarfin inji yana fitowa daga ƙona fetur da iska, don haka yawan iskar da silinda za ta iya shaƙa shi ne iyakarsa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar ƙetare wannan iyaka, wato turbo, a 1905. Fanka biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da zai fita ta salansa ya juya ta farko, ta biyun kuma ta cusa ƙarin iska cikin injin. Sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900. Aibinta shi ne jinkiri. Direba zai taka totur, amma sai hayaƙi ya taru kafin ƙarfin ya zo, kuma iya girman turbo iya tsawon jiran.

Wannan jinkirin, tare da fasalin inji, su suka haifar da turbo biyu. Injin Land Cruiser jeri biyu ne na silinda, kowane jeri da bututun hayaƙinsa, saboda haka ba kowane ɓangare turbo ɗinsa shi ne hanya mafi sauƙi. Injin fulogi huɗu kuwa galibi jeri ɗaya ne, hayaƙinsa bai taka kara ya karya ba. In aka raba shi biyu, kowane turbo zai samu hurawa ɗaya tak a duk juyin kiranshaf, ga ƙarin bututu da mahaɗai a wurin da dama babu sarari. Akwai kuma tsarin bi-da-bi, inda turbo ɗaya ke aiki a ƙaramin gudu, na biyun ya shigo in an matsa. Kamfanin Subaru na Japan ya gwada shi a motarsa Legacy mai fulogi huɗu daga 1993, sai ta yi suna da wani sanyin jiki da take yi a daidai lokacin da na biyun zai karɓa, ban da tarin bawul da ƙananan tiyo masu wuyar gyara. A 2003 kamfanin ya watsar da tsarin, ya koma turbo ɗaya mai ƙofar hayaƙi biyu. A 2019 Mercedes ya fitar da A45 S, injin lita biyu mai fulogi huɗu da ƙarfin doki 421, kuma turbo ɗaya ne a jikinsa. Wanda ya samu wannan ƙarfi da guda ɗaya, me na biyun zai ƙara masa?

A Maiduguri kuma yanayi ma ba ya goyon bayan aikin. Iska in an matse ta zafi take yi, shi ya sa ake bi da ita ta wani ƙaramin lagireto kafin ta shiga inji, amma wannan lagireton ba ya iya sanyaya ta fiye da iskar waje, wadda a Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40. Injin Corolla na yau da kullum an ƙera shi ya matse haɗin fetur da iska kusan ninki goma. In aka ƙara masa iska mai zafi a kan haka, fetur zai riƙa kamawa da kansa kafin lokacinsa, ya dinga dukan kan fistin har ya tsage shi ko gaskit ya ƙone. Maganin wannan shi ne fetur mai juriya sosai, alhali na gidajen manmu matsakaici ne, na galan a bakin titi kuma ba wanda ya san abin da aka gauraya a ciki. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar ya lalata motoci. Sai ƙurar hunturu. A buɗe akwatin matatar iska na kowace mota a watan Janairu, za a ga gari ja-ja ya toshe ninkin takardar, kuma ƙwayar rairayin da ta kuɓuce tana cin fikafikan fankar kamar an goga musu sanfefa. Baƙin mai kuwa shi ne ran turbo, domin a kansa sandar take shawagi. Jabu ko wanda ya wuce lokacinsa zai ƙone ya zama gawayi ya toshe hanyar. Mai turbo biyu duk waɗannan haɗurran sun ninku a kansa.

Wani zai ce ai akwai Volkswagen Amarok da Ford Ranger masu fulogi huɗu da turbo biyu, kuma suna aiki lafiya. Gaskiya ne. Sai dai injinan dizal ne, waɗanda ba sa fama da kamawar mai kafin lokaci yadda na fetur ke yi, kuma tun daga masana'anta aka ƙera fistin, da hanyoyin baƙin mai, da kwamfutarsu domin wannan nauyin. Mai son yin haka a gareji sai ya canza fistin, da nozul, da famfon mai, da kuloci, ya sake tsara ƙwaƙwalwar motar, ya ƙarfafa birki, abin da zai iya haura kuɗin motar kanta.

Hujjar da ta fi jan hankali ita ce ta tsimin mai, musamman tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Amma tsimin da ake gani a motocin turbo na zamani daga ƙanƙantar injin yake fitowa: an cire mai lita biyu da rabi an sa mai lita ɗaya da rabi, turbo ya cike gurbin. Injin da girmansa bai canza ba, ƙarin iska ƙarin fetur yake nema. Gudun kuma a ina za a yi shi? Tsakanin Maiduguri da Damaturu shingayen bincike ne bi da bi, kuma dokar hanya ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce kilomita 100 a awa ba.

Wanda ke son ƙarin ƙarfi ya nemi motar da ta fito da turbo ɗaya daga masana'anta, kamar Honda Accord ta 2018, ya juye baƙin mai nagari a kan lokaci, ya riƙa duba matatar iska, ya bar injin ya yi silo na minti ɗaya bayan doguwar tafiya kafin ya kashe. Mai Corolla kuwa ya bar injinsa yadda aka ƙera shi, ya sa kuɗin a tayoyi masu kyau, da birki, da lagireto.