Kalmomi biyu, ma'ana guda

Ɗan Isa gari ne na ƙasar Madarunfa, cikin jihar Maraɗi. Yana bisa hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Katsina. In an ƙetare iyaka, sai Jibiya, cikin Najeriya. Can ma Hausa ake ji a kasuwa, amma takardun hukuma da Ingilishi ake rubuta su. A Nijar kuma, a shekarar 2025, an sa Ingilishi ya zama harshen aiki tare da Faransanci. Don haka yaran Ɗan Isa suna da bukatar koyonsa.

A Ingilishi akwai aikatau masu kalmomi biyu. Ga misali: "carry on". Kalmar "carry" ita kaɗai tana nufin ɗauka. "On" kuwa tana nufin bisa. Yaron da ya fassara su ɗai-ɗai zai ce "ɗauka bisa". To, ya ɓata hanya. In sun haɗu, ma'anarsu ita ce ci gaba da abin da ake yi, ko da akwai wuya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. "Ci gaba" ma kalmomi biyu ne. Wanda ya ci gaba da noma bai ci tuwo ba, bai ci nama ba.

Ga manomi yana noman gero. Rana ta yi zafi, bayansa yana ciwo, saura kunya goma. Bai ajiye hauya ba. Da Ingilishi sai a ce: "He carried on." Kalmar farko ce ta sake, "carry" ta koma "carried", don aikin ya wuce. "On" tana nan yadda take.

Ga kuma mai ginar rijiya. Ya yi gaba biyar bai tarar da ruwa ba. Ya fito, ya fid da rai. Sai a ce: "He gave up." Wannan shi ne kishiyar "carry on".

Ɗalibi mai wayo ba ya raba irin waɗannan kalmomi. Yakan rubuta su tare, da jimla guda ta misali, ya riƙa maimaitawa kullum. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar "carry on"?
2. Wace kalma ce take sakewa?
3. Waɗanne aikatau na Hausa ne masu kalmomi biyu?