Maganin Rigakafi Ba Ya Shiri da Zafi

Ranar rigakafi mukan ga mata sun jeru a gindin bishiya da goyonsu, malamin asibiti kuma ya iso a kan babur da wani ɗan akwati mai murfi. A cikin akwatin nan akwai ƙanƙara kewaye da 'yan kwalaben magani. Me ya sa ake wannan ɗawainiya?

Dalili shi ne, yawancin magungunan rigakafi suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8 har ranar da za a yi wa yaro. In zafi ya buge su ƙarfinsu ya tafi ke nan, ko an mayar da su cikin firji ba ya dawowa. Abin tsoro kuwa, maganin da ya mutu kamanninsa ɗaya da mai kyau. Uwa ta koma gida hankalinta kwance, da bazara ƙyanda ta zo ta kwantar da yaron.

Saboda haka a 1996 aka fara liƙa wata alama a jikin kwalbar maganin shan inna, daga baya aka sa wa sauran. Alamar da'ira ce, da ɗan fari mai kusurwa huɗu a tsakiya. In farin nan ya yi duhu kamar da'irar, a zubar da maganin. Sanyi ma in ya yi yawa ɓarna ne. Allurar sarƙewar haƙora da ake yi wa masu ciki in ta daskare ta lalace. Ta ƙyanda kuma in an haɗa ta da ruwanta, bayan awa 6 sai a zubar da ragowar.

To, 'yan'uwa, mene ne namu aikin? Kada mu roƙi malamin ya ajiye mana ruwan sha ko nama a firjin asibiti, gama yawan buɗewa yana korar sanyi. Inda firjin na kananzir ne, kwamitin ikilisiya ya ga mai bai yanke ba. Inda na hasken rana ne, matasa su riƙa goge ƙurar hunturu daga farantan. Zumuntar mata kuma su tunatar da juna a fito da sassafe, kafin ƙanƙara ta narke.

Rigakafi ya fi magani, amma sai an kiyaye shi. Ubangiji ya raya mana 'ya'yanmu.