Takalmin Gudu Don 'Yarka

Maigida, in malaman makaranta sun zaɓi 'yarka cikin masu tsere ko tsalle, to, abin murna ne, gama guje-guje na ƙara wa yaro lafiya. Amma kafin ta shiga fili, ka dubi ƙafarta.

Me ya sa za ta sa takalmi?

Filin wasa ba ya rasa tsidau da ƙaya da fasasshiyar kwalba da tsohuwar ƙusa. Ban da waɗannan akwai wata tsutsa ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta, tana zaune cikin ƙasa mai laima inda mutane suka yi bayan gida. Takan huda fatar ƙafa ta shiga jiki, ta zauna cikin hanji tana shan jini. Sai ka ga yarinya ta ɗashe, da ta yi gudu kaɗan sai haki. Takalmi yana tare wannan duka.

Wane iri za ka saya?

Ka sayi kambas mara nauyi, mai igiya, mai ƙasan roba. Ka lanƙwasa shi da hannu, ka ga yana lanƙwasuwa a wajen yatsu. Silifa ba ta gudu ba ce, takan suɓuce ta ka da yarinya. Takalmi mai ƙusoshi a ƙasa kuwa na manyan 'yan tsere ne waɗanda aka horar. Kada ka saya wa ƙaramar yarinya sai malamin wasanni ya ce.

Yadda za ka gwada

1. Ka tafi da ita kasuwa da yamma, don ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini.
2. Ta sa safa, ta sa ƙafa biyu duka, ta miƙe tsaye. Sau da yawa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma.
3. Ka danna gaban takalmin. A sami fili kamar faɗin babban yatsanka tsakanin dogon yatsanta da bakin takalmi.
4. Ta yi tafiya ka gani. In diddige yana fita, ya yi yawa.

In ba za ta sami zuwa ba, ta taka ƙasa, ka auna tsawon ƙafarta da kara, ka ƙara faɗin yatsa ɗaya, ka yanke. A kasuwa ka zura karan cikin takalmi, ya kwanta daidai.

Kada ka ce bari in sayi babba don ya kai baɗi. Babba na sa tuntuɓe, matsattse na sa bororo, ya kuma lalata farce. In gwanjo ne, ka duba kada ƙasansa ya ci gefe guda, a wanke shi a shanya a rana.

Uwargida, saura naki

Bayan kowane wata 3 ko 4 ki danna gaban takalmin, gama ƙafar yaro ba ta jiran kowa. Kada ta fara sa sabo ran tsere, ta saba da shi tukuna. Kowace safiya ta kakkaɓe shi saboda kunama.

In ƙusa ko ƙaya ta soke ta, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai ta asibiti ran nan, malamin asibiti ya duba ko tana bukatar allurar rigakafi. Kada a sa toka ko kashin shanu a ciwo.

Rigakafi ya fi magani.