Ɗinkin Hannu a Lokacin Bazara a Ƙasar Hausa

Bahaushe ya kasa shekara kashi huɗu: damina, kaka, rani da bazara. Bazara ita ce ƙarshen rani, daga watan Maris zuwa Mayu, kafin saukar ruwan sama. A wannan lokaci zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Katsina da Maraɗi. Babu aikin gona sai sharar gona da safe, don haka idan rana ta take, mutane sukan fake a inuwa: maza a zaure ko gindin bishiya, mata kuma a rumfar tsakar gida. To, da yake Hausawa na cewa da zaman banza gara aikin kishiya, da yawa sukan ɗauki allura da zare. Ɗinki ya dace da irin wannan yanayi, domin a zaune ake yin sa, ana hira, kuma ba ya bukatar wuta ko ƙarfin jiki.

Mafi daraja a cikin ɗinkin hannu shi ne aikin babbar riga. Ba mutum ɗaya ke gama riga ba. Maɗinki ne yake haɗa ta, sannan mai zayyana ya zana adon da alƙalami da tawada. A da, yawancin masu zayyana malamai ne, saboda hannunsu ya saba da rubutun allo. Bayan haka sai mai ɗinki ya bi zanen da zare, daga ƙarshe mabugi ya buge rigar har ta yi sheƙi. Kowane ado da sunansa. Akwai aska biyu da aska takwas, wato zane masu tsini kamar askar wanzami, waɗanda ake yi a gefen wuya da kan aljihu. Akwai kuma tambari, wani zagayayyen zane da ake yi a ƙirji da baya. Zaren da aka fi ji da shi a da shi ne tsamiya, wadda ake samu daga saƙar wata tsutsa ta daji, da kuma alharini, wanda fatake suke kawowa daga Tarabulus ta hanyar Sahara. Riga mai aiki sosai takan ci watanni kafin a kammala ta.

Masana sun daɗe da lura da wannan fasaha. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya yi bayanin yadda tufafin Kano suke kaiwa har Timbuktu. David Heathcote kuma ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan adon tufafin Hausawa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979.

Asali, aikin riga na maza ne. Mata sun fi ɗinka hula, da zanen gado, da rigar matashin kai na kayan ɗakin amarya. Amma a birnin Zariya, da maza suka karkata ga karatun boko, aikin albashi da keken ɗinki, sai matan aure suka karɓi aikin riga a cikin gidajensu. A 1994 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar maɗinka mai ɗauke da sunan Sarauniya Amina. Ga mace mai zaman kulle, wannan ba abin ɗebe kewa kaɗai ba ne. Da kuɗin ɗinki take zuba adashi, ta yi biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ba tare da ta fita kasuwa ba.

Sai dai sana'ar tana fuskantar ƙalubale. Abin da hannu zai yi a wata guda, keken surfani yana gama shi a kwana ɗaya ko biyu, kuma da araha. Ban da haka, dillali yakan fi mai ɗinki samun riba. Duk da haka, sarakuna da attajirai ba su daina neman aikin hannu ba, musamman don hawan salla da naɗin sarauta. Muddin akwai mai saye da ya san bambancin, to za a ci gaba da samun uwar da za ta koya wa 'yarta riƙon allura.

Tambayoyi

1. Me ya sa ɗinki ya dace da lokacin bazara?
2. Waɗanne masu sana'a ne suke haɗuwa a kan babbar riga?
3. Wane amfani matan aure suke samu daga ɗinkin hannu?