Iska, rairayi da kwalta: abin da ba a faɗa kan tayoyin motocin bakin iyakar Illela

Duk ƙarshen shekara, idan tafiye-tafiye suka yawaita, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato FRSC, takan fito da gangamin faɗakarwa, kuma taya ba ta fita daga cikin abubuwan da take jan kunne a kansu. Gidajen rediyo su ɗauka, jaridu su buga: a guji taya 'yar gwanjo, a duba lokacin da aka ƙera ta. Idan kuma aka yi haɗari aka ce fashewar taya ce, sai kowa ya kaɗa kai ya ce ai tsohuwa ce, shi ke nan an rufe magana. Gaskiya ne tsohuwar taya tana kisa. Amma ga motar da ke aiki tsakanin Araba, Illela da Birnin Konni, wannan rabin bayani ne, kuma rabin da aka bari shi ne ya fi shafar direban wannan yanki.

Motar bakin iyaka hanya biyu take bi a yini guda. Da safe tana kan kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Kware da Gwadabawa, kafin azahar ta sauka cikin rairayi tana neman wani ƙauye. Haka abin yake tun da can, sai rufe iyakoki ya ƙara masa ƙarfi. An rufe a watan Agustan 2019, aka buɗe ta Illela a Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Duk lokacin da ƙofa ta rufu, hanyoyin daji ke ɗaukar nauyin. Kuma kada a ɗauka masu fasa-ƙwauri kaɗai ke bin su. Mai albasa yana bi, mai kai awaki kasuwar Illela yana bi, motar ma'aikatan rigakafi da ta jami'an sintiri duk nan suke ratsawa.

A daidai wannan hali ne aka fara ganin wani irin rim a bidiyoyin TikTok da Facebook, da kuma jikin wasu Hilux na masu hali: rim mai zobe a bakinsa, kewaye da ƙananan notuna. Masu sayarwa suna kiransa bidlok, kuma har wasu sun ɗauka shi ne maganin fashewar taya. Ba shi ba ne. Aikinsa daban ne, kuma ƙarami ne.

Taya marar tif, iskar da ke cikinta ce ke danne bakinta a jikin rim. Hilux a kan kwalta tana son iska wajen 30 zuwa 35 a geji, gwargwadon kayan da ta ɗauka. Direban da zai shiga rairayi yakan rage zuwa 18 ko 20, don tayar ta baje ta yi shimfiɗa kamar tafin raƙumi, ta bi saman yashi maimakon ta haƙa shi. Idan ya zarce ya sauko ƙasa da 12 ko wajen haka, ya karya kwana da ƙarfi, bakin taya na iya zamewa daga rim, iska ta fice gaba ɗaya. Bidlok wannan zamewar kaɗai yake hanawa: zoben yana matse bakin taya na waje da notuna, yawanci 24 zuwa 32, har a iya sauka zuwa 6 ko 8 taya ba ta rabu da rim ba. Iyakarsa ke nan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake kawo mana wannan dabara kamar sabon ilimi daga Amurka, alhali rage iska don rairayi a hamadar da ke arewa da mu aka gwada shi, a can ya nuna, kuma har yau a can gwanayensa suke. Motocin farko da suka ratsa Sahara na kamfanin Citroën ne, daga Tugurt a Aljeriya zuwa Tumbutu, tsakanin Disambar 1922 da Janairun 1923, kuma ba su yarda da taya kaɗai ba, ƙafafunsu na baya sarƙar roba ce irin ta tankar yaƙi. Wani hafsan sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold ne ya nuna, a tafiye-tafiyensa cikin hamadar Masar da Libiya wajen 1929 zuwa 1932, cewa ƙaramar Ford mai taya za ta iya hawa tudun yashi idan aka rage mata iska, aka kuma riƙe faifan ƙarfe na shimfiɗawa a ƙarƙashin taya in ta kafe. Da wannan ilimi ya kafa rundunar sintirin hamada ta Ingila a 1940. Amurkawa suka ɗora a 1942 da motar soja ta DUKW, wadda direba ke rage wa iska ko ya ƙara yana zaune a mazauninsa. A lura da wannan: tun a lokacin, masu ƙira sun gane cewa rage iska rabin aiki ne, dole a samu hanyar mayar da ita.

Daga baya manyan motocin Berliet na Faransa suka ratsa Tenere a 1959 zuwa 1960, daga Janet har Chadi, suka kakkafa alamun hanya. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978, ta yi shekaru tana yada zango a Agadas. Waɗannan su ne aka rubuta a littattafai. Waɗanda ba a rubuta ba su ne direbobin Agadas, Buzaye da Tubawa da Hausawa da Larabawa, jikokin madugan ayarin gishirin Bilma, waɗanda suka karɓi sitiyari suka mayar da hanyar Dirku da Madama wurin neman abincinsu. Su ne ke loda wa Hilux mutum ashirin ko fiye da jarkokin ruwa, su bi ayarin motocin da ke tashi daga Agadas ranar Litinin. Su ne suka san yashin sanyin safiya ya fi ɗaukar mota a kan na tsakar rana, suka san inda ake tsayawa a sassauta iska da inda ake mayar da ita. Mafi yawansu da rim ɗin ƙarfe na kamfani suke wannan aiki, babu zobe babu ado. Abin da ba sa rabuwa da shi shi ne famfo, shebur, faifan ƙarfe da safaya fiye da ɗaya.

Kuma sun san kuɗin kuskure, domin a can lalacewar mota ba ɓata lokaci ba ce, ajali ce. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Hausawa ne 'yan uwanmu. Dokar Nijar ta 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, kafin a soke ta a Nuwambar 2023, ta tura direbobi da yawa barin hanyoyin da aka sani da rijiyoyinsu, abin ya ƙara muni. Ilimin da aka saya da irin wannan tsada bai kamata ya tsaya a bakin tsofaffin direbobi ba. Yaron mota daga Araba ko Kalmalo da ya taɓa bin maigidansa zuwa Tawa da Agadas ya dawo da sanin da babu shi a takardar jarrabawar lasisi, amma babu wata makarantar koyon tuƙi da na ji ta gayyaci irinsa ya koyar.

To ina hatsarin yake a wajenmu? Yana wurin hawa kwalta. Direba ya rage iska a daji, ya fito titi da lodin albasa ko wake, ya ga Illela ta kusa, ya ce bari in ƙarasa. Daga Illela kuma fasinja na gaggawa, sai ya miƙe Sakkwato, tafiyar kilomita tamanin da wani abu, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Taya mai ƙarancin iska gefenta lanƙwasa yake yi yana miƙewa a kowane juyi, wannan lanƙwasar ke haifar da zafi, zafin ya raba roba da wayoyin ciki, sai ta tarwatse. Sabuwa fil ma haka za ta yi. Amurka ta ga irin wannan a shekarar 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, bayan haɗurran motocin Ford Explorer da suka ci rayuka sama da 200, kuma ƙarancin iska da zafin yanayi suna cikin abubuwan da aka yi ta nuna wa yatsa. Ƙarshenta doka ta tilasta sanya na'urar gargaɗin iska a sababbin ƙananan motoci daga 2007. A nan bidlok ba ya taimakon kowa. Yana ma iya ruɗar direba ya rage iska fiye da kima, tunda ya san taya ba za ta zame ba, sannan ya hau titi a haka.

Wanda duk da haka aikinsa ya kai shi ga sayen bidlok, akwai abubuwan da mai shago ba lallai ya gaya masa ba. Da yawa daga rim masu notuna da ke yawo na ado ne, notunan ba su riƙe komai, araha kuwa ba ta ado. Na gaskiya zobensa yana kwancewa gaba ɗaya, a ɗora bakin taya, a mayar, a ɗaure notunan a gicciye kaɗan-kaɗan da sifana mai awo, kuma dole a riƙa komawa ana duba su, domin suna sassautawa. Ya fi rim na kamfani nauyi, yana da wuyar balansin, shi ya sa sitiyari kan yi rawa idan an yi gudu. Yawancinsu bakin waje kaɗai suke riƙewa. Masu riƙe ciki da waje, irin na motar sojan Amurka Humvee, rim ne mai ɓari biyu, tsadarsa daban. A Amurka ma da yawa ana sayar da su ne da rubutun cewa na daji ne, ba na titi ba. Sannan a ƙirga ramukan noti: Hilux shida ne, Land Cruiser a-kori-kura ta 79 biyar, ba sa shiga na juna. A duba kuma nauyin da aka rubuta rim ɗin zai iya ɗauka, domin wanda aka ƙera don wasan hawa duwatsu ba don buhunan gero aka yi shi ba. A ganina, in ban da motar sintiri ko ta asibiti da ke wuni cikin yashi mai zurfi, direban Araba ba ya buƙatarsa. Kuɗin rim huɗu zai saya masa taya mai kaurin gefe, da geji, da famfo mai aiki da batirin mota, har da canji.

Sai mutumin da duk wannan magana ta rataya a wuyansa, wanda ba a taɓa kiransa taron faɗakarwa ba: mai faci. Shi ne likitan taya daga Illela har Konni. Direba ya tsaya ya ce, "Malam, ƙara mini iska," shi kuma sau da yawa gejinsa ya daɗe da mutuwa, sai ya buga taya da ƙarfe ya saurari ƙara. Wani ya cika ta har 50 don a ce ta yi ƙarfi. A tsallaken iyaka kuma da ma'aunin bar ake aiki, inda bar ɗaya ya kai kusan 14.5 a namu gejin, don haka biyu a Konni kusan talatin ne a Illela, kuma yaron da bai san wannan ba zai iya yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Haka kuma shi ne ke durƙusawa gaban tsohon rim mai zoben ƙarfe na manyan motoci da tsofaffin Land Cruiser, wanda idan zoben bai zauna daidai ba yakan tashi da ƙarfin da ke fasa kai. Yanzu a kawo masa rim mai noti 32 da bai taɓa gani ba, babu sifana mai awo, a ce ya ɗaura. Laifin wa ke nan idan ya kwance a hanya?

Ban ce a daina duba shekarun taya ba. Lambobi huɗu ne a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kowa ya koya. Amma a tuna dalilin da ya sa gwanjo ta cika kasuwa. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙira a Legas a 2008, tun daga nan kusan duk tayar mota daga waje take zuwa, farashinta na bin dala. Faɗa wa talakan direba ya sayi sabuwa abu ne mai sauƙi a baki. Koya masa ya auna iska kafin ya hau kwalta kusan kyauta ne, kuma yau zai iya farawa.

Gwamnatin Tarayya ta fara aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri mai tsawon kilomita 1,068 a 2024, kuma daga Illela ta taso. Idan ta kammala, motar da ta fito daga rairayin Araba da iska 18 za ta samu shimfiɗaɗɗen titin da zai kira ta gudu. Kafin ranar ta zo, ina kira ga ofishin FRSC na Sakkwato da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a Illela da su tara masu facin garin da na ƙauyuka, a raba musu geji mai aiki, a nemo tsofaffin direbobin hanyar Agadas su koyar da matasa da harshen da suke ji. Ƙaramar hukumar Illela kuma ta taimaka a kafa wurin ƙara wa taya iska a manyan mahaɗun da hanyoyin daji ke fitowa titi. Kai kuma fasinja, idan ka ga mota ta fito daga rairayi tayarta a kwance, ka ce wa direba ya tsaya wurin mai faci kafin a ɗauki hanya, ko da sauran fasinjoji za su yi maka tsaki.