Gajiyar Zuciya Ga Ma'aikatan Jinya a Sabon Birni da Isa

Sau da yawa akan kai wa hakimi ƙara, wai ma'aikacin jinya ya yi wa majiyyaci tsawa, ko ya ƙi sake masa fuska. Kafin a ɗora masa laifi, ya kamata a san irin nauyin da ke bisa kansa.

A ƙasar Sabon Birni da Isa aikin asibiti ba ya yankewa. Da bazara ga sanƙarau da ƙyanda, da damina ga zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa, ga kuma yara masu tamowa kafin a shiga kaka. Bayan wannan duka sai ta'adin 'yan bindiga. Cikin watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Wanda ya yini yana wanke raunin harsashi, ya kwana cikin fargaba, lalle ba jikinsa kaɗai ke gajiya ba.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan gajiya da cewa wahalar aiki ce wadda ta daɗe ba a magance ta ba. Alamunta uku ne. Na ɗaya, ƙarfi ya ƙare. Na biyu, zuciya ta bushe, watau mutum ya daina damuwa da aikinsa. Na uku, aikin ya daina kyau a hannunsa. Daga nan kuskuren magani ke fitowa, daga nan kuma ƙwararre ke neman a sāke masa wuri, gari ya rasa mai karɓar haihuwa.

Masu wannan aiki suna da dabarunsu na jimrewa. Sukan riƙe ibada da addu'a. In an yi rashi, sukan zauna da abokan aiki su tattauna, gama abin da aka faɗa ya rage nauyi. Sukan karɓi juna aikin dare, don kowa ya sami barci. Amma akwai hanyar banza, ita ce shan ƙwaya don kore gajiya, ƙarshenta kuwa nadama. Wanda barci ya ƙaurace wa, ko baƙin ciki ya ƙi rabuwa da shi, sai ya ga likita. Akwai asibitin masu taɓin hankali da damuwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, zuwa can kuma ba abin kunya ba ne.

Hakimi yana da nasa rabo. Ya sama wa baƙon ma'aikaci masauki mai tsaro kusa da asibiti. Ya umarci dagatai su hana dangin majiyyaci cika ɗaki da zagin ma'aikata. Malamin hakimi kuma, in zai rubuta rahoto, ya faɗi yawan ma'aikatan da ke akwai da yawan marasa lafiya, don hukuma ta san inda ƙaranci yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.