Hurde, Kili da Danda: Yadda Ake Karanta Launin Doki

Duk wanda ya tsaya kallon Hawan Daushe a Kano zai ga dawaki iri-iri suna wucewa, amma idan ya tambayi yaran yanzu launinsu, amsar ba ta wuce fari, baƙi da ja. Iyayenmu kuwa kowane launi da sunansa suka san shi. Baƙin doki shi ne akawal, fari kuma kili. Akwai bikili da aharas a cikin jajaye, akwai gunya mai launin ƙasa-ƙasa da haske, akwai bidi wanda farin gashi ya cakuɗa da mai duhu a jikinsa. Sunayen sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari. A nan ina so in tsaya a kan masu dabbare-dabbare, wato hurde da danda, domin su ne aka fi rikitawa.

Hurde shi ne doki mai launin toka wanda ake ganin roɗi-roɗi kamar kwabbai a kuturinsa da wuyansa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan ado ba ya ɗorewa. Ba a haihuwar doki hurde. Duƙushin yakan zo duniya baƙi ko ja, sai furfura ta fara fito masa a kewayen ido, ta yi ta bazuwa duk lokacin da ya sake gashi. A tsakiyar wannan sauyi ne roɗi-roɗin ke bayyana. Da yawansu kafin su kai shekara 8 sun koma fari fat. Ashe ke nan hurden bana shi ne kilin gobe, doki ɗaya ne mai suna biyu. A shekarar 2008 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gano ƙwayar gadon da ke jawo haka. Gado ne mai rinjaye, don haka ba a samun irin wannan doki sai uban ko goɗiyar na ɗauke da shi. Haka kuma irin waɗannan dawaki, idan suka haura shekara 15, mafi yawansu sukan fitar da baƙaƙen ƙulluttai a ƙarƙashin wutsiya, don haka ya kamata mai kili ya riƙa dubawa.

Danda kuwa lamarinsa daban ne. Shi ne dokin da fari ya yi masa manyan faci a kan ja ko baƙi, galibi har da fuska da ƙafafu. Da wannan zane ake haihuwarsa, da shi kuma zai tsufa. Masu kula da barga suna da hanya mai sauƙi ta rarrabewa: a jiƙa dokin da ruwa a dubi fatarsa. Kili komai farinsa, fatar da ke ƙarƙashin gashin baƙa ce. Danda kuwa duk inda yake fari, fatar wurin jaja-jaja ce, shi ya sa rana takan ƙone hancin mai farar fuska. Saboda farin goshi da farin ƙafa ba sa sauyawa, da su ne ake shaida doki idan ya ɓata ko aka yi gardama a kansa.

Akwai kuma kashi na uku, wanda ya fi shahara a ƙasashen waje, wato doki mai ɗige-ɗige kamar damisa. Irinsa ne Appaloosa, wanda ƙabilar Nez Perce ta Amurka ta yi suna da kiwonsa, da Knabstrupper na ƙasar Denmak. Alamominsu uku ne: fatar baki da hanci mai tabo-tabo, kofato mai ratsi, da farin ido da ke fitowa fili kamar na mutum. Wanda ya gaji wannan launi daga uwa da uba duka biyun, da dundumi ake haihuwarsa. Launin tsoho ne ƙwarai, domin an zana irinsa a kogon Pech Merle na Faransa sama da shekara 20,000 da suka wuce.

Dalilin da ya sa na damu da wannan bayani shi ne, a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma al'ada ba ta tsaya ga lifidi da kwalkwali ba, har da kalmomin da ake kiran abin da su. Waƙoƙin fada da kirarin sarakuna cike suke da waɗannan sunaye, kuma ɗalibin da bai san danda ba, zai rera waƙar ne kawai bai ga dokin ba. Ina roƙon malamai su kai yara bargar hakimi mafi kusa, su sa masu kula da dawakin su nuna musu kowanne da sunansa, a rubuta. Dattawan da suka san bambancin bikili da aharas kullum raguwa suke yi.